Maƙerar Ba-Wuya

A wani gidan haya da ke bayan tashar mota akwai wani mutum da kowa yake kira Ba-Wuya. Sunan ya bi shi ne saboda duk aikin da aka ambata a gabansa, ko gyaran agogo ne ko tuƙa jirgin sama, sai ya taɓe baki ya ce ba wuya. Ya yi shekaru yana tsaron sito a wani kamfanin sabulu, har ranar da ya tsaya a kan injiniyan kamfanin yana koya masa yadda ake kwance inji, ya kuma miƙa hannu ya nuna masa a aikace. Injin bai sake tashi ba, shi ma Ba-Wuya bai sake komawa ba. Aka ba shi ɗan abin sallama, ya dawo gida ya shaida wa matarsa cewa shi ya ajiye aikin da kansa, don wurin ya yi wa basirarsa kaɗan.

Matar ta ci gaba da aikinta. Tana da ɗan shagon gyaran gashi a ƙofar gidan, kuma ta daɗe da sanin cewa da shagon nan ake ɗora tukunya.

Zaman gida ya ba Ba-Wuya damar kallon waya daga safe har yamma. A nan ya ci karo da bidiyon wani ƙaton mutum mai gemu, wanda ya tura ƙarfe a wuta, ya buga, ya tsoma a mai, kafin ka ƙifta ido sai ga wuƙa tana aske gashin hannu. Ya kalla ya sake kallo, ya ji a ransa cewa da ma wannan ce sana'ar da aka halicce shi dominta, mutane ne suka ɓata masa lokaci da sabulu.

Ana haka sai wan matarsa, wanda mahauci ne a babbar kasuwa, ya zo gaishe su. Cikin hira ya yi ƙorafin cewa wuƙaƙen yanzu duk gwangwani ne, ka wasa da safe, kafin rana ta yi tsaka sun dakushe. Ba-Wuya ya gyara zama.

"Yaya, ka daina sayen wuƙa daga yau. Ni zan ƙera maka."

Mahaucin ya tambaye shi ko ya taɓa ƙira. Ba-Wuya ya ce hannunsa ne kawai bai taɓa ba, amma kansa ya riga ya gama. Mahaucin ya dubi ƙanwarsa, ita kuma ta dubi rufin ɗaki. Sai ya ce to madalla, ranar da wuƙar ta fito shi da kansa zai kwaso mahautan layinsu su zo su gani. Da gatse ya faɗa, amma kunnen Ba-Wuya ba ya jin gatse. Shi a wurinsa an riga an ba shi kwangilar kasuwa guda.

Washegari ya cusa kuɗin sallama a aljihu ya nufi layin masu kayan ƙarfe da niyyar sayen uwar maƙera da masaba da zugazugi da injin wasa wuƙa. A shagon farko da aka gaya masa kuɗin uwar maƙera, ya tambayi mai shagon ko da fili ake sayar da ita. A na biyu ya ce musu ɓarayi ne masu lasisi. Yana fitowa a fusace ya hangi rumfar mai rubuta allon talla, ya tuna cewa masana'anta ba ta tsayuwa sai da suna. Ya sa aka rubuta masa da manyan baƙi: BABBAR MAƘERAR ZAMANI, WUƘAƘE DA ADDUNA DA TAKUBBA, da hoton zaki a gefe, ko da yake zakin ya fi kama da kyanwar da ta sha duka. Daga nan ya sayi rigar fata irin ta mai gemun nan, da baƙin tabarau, da safar hannu. Abin da ya rage bai wuce na buhun gawayi da wata guduma mai girgiɗin kai ba.

Da matarsa ta tambayi ina sauran kayan aikin, ya yi mata dariyar tausayi. Ya ce maƙerin gaske ba ya sayen kayan aiki, gano su yake yi, kuma gidan nan cike yake da kayan ƙira, ido ne babu.

"Idon nan naka kada ya leƙa shagona," in ji ta.

Ya zaɓi wani lungu a tsakar gida, bayan ɗakinsu, kusa da igiyar shanya. Mai gidan tsoho ne mai dogara sanda, wanda ba abin da yake so a duniya kamar shiru. Ba-Wuya ya je ya durƙusa ya ce masa, Baba, ɗan aikin hannu ne zai riƙa taɓawa, ko jariri na barci ba zai farka ba. Tsohon ya dube shi, ya dubi tabarau ɗin da ke goshinsa, ya ce shi dai kada ya ji, kada ya gani, kada ya shaƙa.

Matsalar farko ita ce abin da za a ɗora ƙarfe a buga. Ya kawo bulon siminti, duka ɗaya ya zama gari. Ya gwada dakalin ƙofar ɗakin mai gida lokacin da tsohon ya fita, dakalin ya tsage daga wannan kai zuwa wancan, ya jawo tabarma ya rufe. Sannan ya hangi tukunyar gas a ƙofar maƙwabcinsu direban tasi, ya kwantar da ita ya fara gwada guduma a kanta. Ƙarar ce ta fito da direban daga wanka, kumfa a kunne, tawul a ƙugu, ya fizge tukunyar ya rungume kamar 'yarsa. Ya tambayi Ba-Wuya ko shi kaɗai yake son tafiya lahira, ko da 'yan rakiya. Ba-Wuya ya ce ai ƙarfen tukunyar yake gwadawa, kuma albishirinsa, mai kyau ne.

Daga ƙarshe ya gano murfin ƙarfen da aka rufe ramin kwata da shi a bakin zaure. Ya ciccibo shi ya kai lungunsa, ya shimfiɗa kwali a kan ramin, ya barbaɗa ƙasa don kada gidan ya yi muni. Da yamma direban ya dawo daga aiki yana waya, ƙafarsa ta dama ta shige har gwiwa. Abin da ya faɗa a wayar nan, wanda ke ɗaya ɓangaren bai sake kiransa ba.

Saura ƙarfen da za a ƙera. Mai gemu ya ce babu kamar sifirin ɗin mota, kuma cikin ikon Allah sai ga wani dogon falle a jingine bayan ƙofar direba. Ba-Wuya ya ɗauka yasasshe ne. Ya wuni yana gurza shi da zarton aro har ya raba shi biyu. Ashe na tasin ne, an kwance za a kai gyara. Direban ya zo yana ɗingishi ya ga sifirinsa gida biyu. Ya zauna a kan bokiti ya riƙe kai. Ba-Wuya ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya zama mai hannun jari a masana'anta, kuma wuƙa ta biyu tasa ce kyauta.

"Ka ba ni ta farkon," in ji direban. "Ina da aikin da zan yi da ita."

Aka zo hura wuta. Ya zuba gawayi a tsohuwar tasar wanki, ya tura ƙarfen, ya kama fifita da murfin tukunya. Ya yi fifita har hannu ya sage, ƙarfen nan ko ɗumin kirki bai yi ba, ana iya ɗaukarsa a goge wuya da shi. Sai ya tuna cewa a shagon matarsa akwai abin da ke hura iska ba gajiya. Ya jira ta tafi sayen man gashi, ya shiga ya ɗauko drayar busar da gashi, ita kaɗai ce a shagon, ya ɗaure bakinta da guntun bututu ya cusa a ƙarƙashin gawayin, ya kunna har ƙarshe.

Gaskiya wutar ta kama, har ta wuce yadda ake so. Tartsatsi ya tashi sama kamar an watsa taurari, ya sauka a kan igiyar shanya. Zanen gadon mai gida ya zama rariya, wandon direba ya sami tagogi a inda ba a buƙata. Ba-Wuya bai gani ba, don baƙin tabarau ɗin ya hana shi ganin komai sai jan ƙarfe. Ya kama ƙarfen da filaya, filayar ta yi gajarta, zafi ya ratsa safar, ya saki, ƙarfen ya faɗa a kan silifas ɗinsa. Ya bar silifas ɗin a wurin yana hayaƙi, ya zaga tsakar gida da ƙafa ɗaya. Kafin ya dawo drayar ta yi wani kuka irin na akuya, bakinta ya narke ya langaɓe, ta yi shiru.

Matar ta dawo da wata mai son a gyara mata gashi a bayanta, wadda za ta wurin neman aiki da rana. Aka wanke mata kai, aka juya za a ɗauki draya, babu. Matar Ba-Wuya ta bi igiyar wuta daga shago, ta ratsa zaure, ta ratsa tsakar gida, har ta iske ƙarshenta a gindin tasa. Ta ɗaga abin da ya rage ta riƙe a gaban fuskarsa. Ya ce mata kayan yanzu ba su da ƙarko, kuma da kuɗin wuƙar farko zai saya mata wadda ake shigar da kai ciki gaba ɗaya.

"Irin wadda ake shigar da kai nake so," ta ce. "In sa naka, ko abin da ke ciki zai bushe."

Mai neman aikin ta tafi da kai yana ɗiga, kuma ta biya ta duk ƙofar da ke layin ta ba da labari.

Duk da haka Ba-Wuya ya ci gaba. Ya ari fankar tebur, ya buga ƙarfen nan kwana da kwanaki, kan gudumar yana fita yana mayarwa, har abin ya yi faɗi a gefe ɗaya ya yi tsini a ɗaya. Saura tsomawa a mai, wanda mai gemu ya ce shi ne sirrin ƙarfin wuƙa. Ya roƙo baƙin mai a garejin bakin titi, ya zuba a bokitin roba na wanka. Ya gasa ƙarfen har ya yi ja wur, ya kira matan gidan su zo su ga ilimi, ya sunkuya da fuskarsa daidai bakin bokitin, ya tsoma.

Wuta ta yi tsalle ta gaishe shi. Tsinin ƙarfen ya huda gindin bokitin, baƙin mai ya malala tsakar gida yana ci da wuta, mata suka kwashi yara suka yi waje, direba ya zo da yashi a tasar cin abincinsa. Da hayaƙi ya lafa aka ga Ba-Wuya tsaye, baƙi ƙirin, ba gira ko ɗaya, gashin baki rabi. Ya cire tabarau, wurin idanun ne kawai fari. Ya ce haka ake so, wutar alama ce ta cewa ƙarfen ya karɓa.

Mai gida ya tako a hankali, yana dogara sanda a inda mai bai kai ba. Ya ce ya ji, ya gani, ya shaƙa. Ya ce saboda mutuncin matar nan da ba ta taɓa ɓata masa rai ba zai ƙyale wannan, amma in aka ƙara ɓarna ko ta ƙwayar ashana ce, su nemi wani gidan. Matar ta bi tsohon har ƙofa tana ba shi haƙuri. A unguwar nan ba a samun ɗaki mai shago a ƙofa, kuma ta san haka.

Ba-Wuya ya yi alkawarin cewa aikin wuta ya ƙare, saura ado. Ya yanke sandar tsintsiyar goge ɗaki ya yi ƙota, ya cusa gindin ƙarfen, ya ɗura gam ɗin gyaran takalmi, ya naɗe da baƙin salatif. Ya zauna a bakin titi yana wasa kaifin a gefen kwalta, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya gaya masa ranar buɗe masana'anta. Abin da ya fito bai kai adda ba, ya wuce wuƙa, ga wani lanƙwaso a tsakiya kamar bayan kifi. Ya ce lanƙwason da gangan ne, sabon salo ne da bai iso ƙasar ba tukuna.

Ranar da aka sa, da yamma, mahaucin ya cika alkawari. Ya zo da abokan sana'arsa, kowa da murmushinsa a ɓoye, suka zo da cinyar rago don gwaji. 'Yan layi suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. An kafa allon mai zaki a jikin bango. Ba-Wuya ya fito da rigar fata, ya zana gira da gawayi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yana ɗauke da wuƙar a kan matashin kai. Ya yi jawabi a kan tarihin ƙarfe, da lalacin maƙeran da ke kashe kuɗi a kan kayan aiki, ya ce shi da abin da ke cikin gida kawai ya yi wannan. Direba ya ce daga bayan taro, shi shaida ne.

Aka fara da takarda. Ya riƙe ta a sama ya ja wuƙar, takardar ta lanƙwashe ta bi wuƙar kamar tana lallashinta. Ya ce takardar ta sha sanyi. Aka kawo tumatir, ya danna, tumatirin ya fashe ya fesa wa wani dattijon mahauci a riga. Dattijon ya karɓi wuƙar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya shafa yatsa a gefe biyun, sannan ya tambaya cikin ladabi wane gefen ne kaifin. Dariya ta tashi daga kan katanga ta gangaro tsakar gida.

Wan matar ya ɗora cinyar ragon a kan benci ya ce a gwada nama, tunda don shi aka yi. Ba-Wuya ya kama gurzawa, gaba da baya, gumi yana wanke girar gawayin tana gangarowa kumatu. Naman ya yi ta rawa a kan benci, bai ko ƙwarzane ba.

"Ƙanina, tausa kake masa?" in ji mahaucin. "Ai ya riga ya mutu, ba ya jin gajiya."

Ran Ba-Wuya ya ɓaci. Ya ce jahilci ne ya sa suke dariya, wannan ba wuƙar yanka ba ce, ta sara ce, an yi ta don ƙashi. Ya ce kowa ya matsa. Ya kama ƙotar da hannu biyu, ya ɗaga har bayan ƙeya, ya kawo sara da duk ƙarfinsa. Abin da ya sauka a kan naman guntun sandar tsintsiya ne kawai. Ƙarfen ya riga ya rabu da ƙotar tun a sama, ya bi ta kan mutane yana juyawa, kowa ya kwanta a ƙasa, ya tafi ya caki tankin roba na ruwan gidan da ke kan ginshiƙi a kusurwa, ya faɗo. Ruwa ya fara tsartuwa ta hudar kamar an buɗe famfo. Da safen nan motar ruwa ta cika tankin, bayan gidan ya daɗe yana jira.

Ruwa ya yi ta ƙara a kan siminti. Ba-Wuya ya dubi ƙotar da ke hannunsa, ya dubi tankin, ya gyara murya.

"Kun gani ko? Wace wuƙar kasuwa ce za ta huda tanki daga nan?"

Mai gida ya riga ya taso. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannun rigar Ba-Wuya ya ja shi har gindin tankin, ya ɗaga masa hannu, ya cusa ɗan yatsansa a hudar. Ruwan ya tsaya cak. Tsohon ya ce zai aika a kira mai gyaran famfo, sai dai ya ji an ce ya yi tafiya, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ya ce muddin yatsan nan yana ciki, suna da ɗaki a gidan. In ya fita, su fita tare.

Hudar tana sama da kansa, dole ya tsaya a kan yatsun ƙafa, hannu a miƙe kamar ɗan makarantar da ya san amsa. Mahauta suka ɗauki namansu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo daidai shi sai ya ce sannu da aiki. Direba ya jawo kujera ya zauna a inuwa yana kallo, ya ce yau ba zai fita aiki ba ko da motar tana da sifirin. Ruwa yana bin hannun Ba-Wuya yana shiga hammata, yana cika rigar fata. Duk da haka ya fara yi wa waɗanda suka rage bayanin cewa laifin gam ne, ba na ƙira ba, har suka gaji suka watse.

Can matarsa ta fito daga ɗaki da bokiti, ta ajiye a ƙarƙashin gwiwar hannunsa don tarar abin da ke ɗiga. Ya yi ƙasa da murya ya ce, Maman yara, hannun ya fara sagewa, ko za ta karɓe shi na ɗan lokaci ya miƙe baya. Ta tsaya ta dube shi tun daga ƙafa har yatsan da ke cikin tanki, ta daɗe tana kallo.

"A'a, kada in ɓata maka," ta ce. "Tunda na aure ka, yau na fara ganin ka sa hannu a abu ya gyaru."

Ta gyara zaman bokitin da ƙafa, ta koma shago.